Bindigar gado da ta fita daga gwaji: a sayar ko a kyautar?

Tambaya: Barista, ina zaune a Ingila. Mahaifin matata ya rasu ya bar mata tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu. Wani maƙwabcinsa ya taya, amma maƙerin bindigar da ya duba ta ya ce gwajinta ya ɓaci. Za mu iya sayar masa da ita a hakan?

Amsa: Allah ya ba ku haƙurin rashi. Malam, kada ku karɓi ko sisi a kan bindigar nan tukuna.

A Birtaniya, dokar gwajin bututun bindiga ta 1868, wadda aka yi wa gyara a 1950 da 1978, ta haramta sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen tambarin gwaji, wato alamar da gidan gwaji ke bugawa bayan ya gwada ya ga bututun zai jure ƙarfin harbi. Haramcin ya haɗa da musaya, da jingina, da fitar da ita ƙasar waje, har ma da baje ta don neman mai saye. Hukuncin tara ce ta dubban fam, kuma yardar mai saye ba ta wanke mai sayarwa.

Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, don suna ganin tambarin da idonsu. Idan ka cire katakon gaba ka raba bututun da gindin, za ka ga ƙananan alamomi a ƙarƙashinsa, misali kambi a kan haruffan BNP na gidan gwaji na Birmingham, da lamba kamar .729 mai nuna faɗin ramin bututun, a ma'aunin inci, a ranar gwaji. Tambarin yana nan daram, amma ƙarfen ya canza. Tsatsa ta ci, an yi ta gogewa, ramin ya buɗe. Maƙeri yana auna shi a nisan inci 9 daga inda ake cusa harsashi, kuma a irin wannan tambarin, da zarar faɗin ya ƙaru da kashi 10 cikin 1,000 na inci, tambarin ya zama banza. Haka ma idan an ƙara zurfin gurbin harsashi. Bututun da ya yi siriri a hannun hagun mai harbi yake fashewa, dab da fuskarsa.

Shawarata ita ce maƙerin ya shirya ta ya aika a sake gwaji, a Landan ko Birmingham, gidaje biyu ke nan kawai. Za a harba ta da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi. In ta jure, a buga sabon tambari ku sayar hankali kwance. In ta kumbura ko ta tsage, asarar taku ce, saboda haka ku tambaye shi tsakani da Allah ko kuɗin gyaran bai fi darajarta ba.

Ajiye ta ba laifi ba ne a wannan dokar, kuma kyauta ta gaskiya ba ta cikin jerin abin da aka hana. Sai dai ina jan kunnenku: a ba da bindiga kyauta sannan a sayar da jakarta da tsada, ciniki ne aka sauya wa riga. Ni kuwa ko kyautar ce, ba zan so ku miƙa ta ba sai kun rubuta wa mai karɓa halin da take ciki. Ana kuma iya kashe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba, gidan gwaji ya ba da takardar shaida, ko a miƙa wa 'yan sanda.

Abin da ya fi gaggawa shi ne lasisi. Dokar makamai ta 1968 ba ta yafe wa magada ba. Idan uwargida ba ta da lasisin bindigar farauta, ta kira sashen lasisi na 'yan sandan yankin a yau ta nemi izinin wucin gadi, ko dila mai rajista ya zo ya ɗauke ta ya adana. Ranar miƙa wa maƙwabcin kuma, ido da ido za a yi, a ga lasisinsa, a rubuta bayanan bindigar a ciki, sannan kowane ɓangare ya sanar da 'yan sanda cikin kwana 7.