Amsa: Incognito kaɗai ba ya ɓoye ka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko buɗe incognito (wato shafin sirri) a Chrome ya isa ya ɓoye ka a intanet. Gaskiya bai isa ba. Iyakar aikinsa shi ne in ka rufe shi, ba ya barin tarihin inda ka shiga a wayarka. Kamfanin da ke sayar maka da data yana ganin shafin da ka ziyarta, shafin kuma yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet.

VPN, wato manhajar da ke kulle saƙonka ta bi da shi ta wata kwamfuta daban, na rufe wa kamfanin ido, sai dai ka damƙa amanarka ga mai VPN ɗin ne. Shi ya sa ban yarda da na kyauta ba.

In da gaske kake, sauke Tor Browser daga shafin Tor Project. Yana kulle saƙonka ninki uku, ya bi da shi ta kwamfutoci uku na 'yan sa-kai. Ta farko ta san ka, amma ba ta san inda ka nufa ba. Ta ƙarshe ta san inda ka nufa, amma ba ta san ka ba. Yana da jan ƙafa, sai ka yi haƙuri. Don Allah kada ka shiga Gmail ko Facebook da sunanka a cikinsa, domin da hannunka za ka tona kanka.