Me ya haɗa jirgin dako da shiga ɗaki ba sallama?

Wata malamar sakandare daga Zariya ta aiko da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Muna karanta wani labarin Turanci da ɗalibaina sai muka ci karo da jimlar 'he barged into the office'. Wani yaro ya fassara ta da 'ya yi kutse cikin ofis'. Da na duba ƙamus kuma sai na tarar barge sunan jirgin ruwa ne. Me ya haɗa jirgi da ofis? Kuma fassarar yaron ta yi?"

Malama, sannu da fama da yara. Ƙamus bai yaudare ki ba. Kalmar ɗaya ce, kuma jirgin ne ya riga zuwa.

Barge jirgin dakon kaya ne mai faɗi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda aka ƙera don ya bi kogi ko ruwa mara zurfi da kaya masu nauyi. Dattawan Lakwaja da Baro sun san irinsa, don da su aka riƙa gangarar da amfanin gona ta kogin Kwara zuwa Burutu a zamanin Turawa. A Ingila kuwa kasuwarsu ta buɗe sosai bayan da aka fara haƙa hanyoyin ruwa, irin ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester. Doki ne ke tafiya a gaɓa yana jan jirgin da igiya. Ba inji, ba birki. In ya ɗauki hanya da lodinsa, tsai da shi aiki ne, juya shi ma aiki ne, sai ka ji ya daki gaɓa ko ya gogi ɗan'uwansa. Ma'aikatansa na riƙe da wata doguwar sanda ta tokare shi, har Turawan Ingila suka samo wani zance daga gare ta: abin da suke ƙyama sukan ce ko da sandar tura jirgi ba za su taɓa shi ba.

Daga wannan halin jirgin ne, a ƙarni na 19, aka fara jingina kalmar ga mutum. Da farko ga wanda ya yi karo da wani da ƙarfi, daga baya ga wanda ya faɗa wuri ba a kira shi ba.

Sunan jirgin kansa ya fi haka tsufa nesa ba kusa ba. Ya shiga Turanci wajen shekarar 1300 daga tsohon Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka biyo bayan cin Ingila da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066. Faransanci ya gaje shi daga Latin, kuma wasu masana asalin kalmomi suna mai da shi ga baris, sunan da Girkawa suka ji Misirawa na kiran jirgin dakonsu na kogin Nilu. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotas, wanda ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana yadda ake ƙera shi da gajerun katakon itacen ƙaya, dangin bagaruwa, ana jera su kamar tubali. An daɗe ana jayayya kan abin da yake nufi, sai da aka tono wani nitsattsen jirgi a tsohuwar tashar Heracleion kusa da Iskandariyya, aka ga ƙirar ta yi daidai da bayaninsa.

To, mu dawo kan yaronki. Na ba shi rabin maki.

Kutsa kalma ce mai kyau, amma hotonta daban ne. Mai kutsawa yana matsa jikinsa ne ta inda hanya ta ƙuntata: ya kutsa cikin taro, ya kutsa daji. Shi kuma "kutse" a Hausar yau ya riga ya ɗauki wani launi, tunda gidajen rediyo suka ba masu satar shiga kwamfuta da asusun banki sunan masu kutse. Duk wanda ya ji "ya yi kutse cikin ofis" zai zaci ɓarawo ne ya lallaɓa, ko wani ya shiga na'urorin ofishin daga nesa. Wanda aka ce ya yi barging kuwa ba ya lallaɓawa. Da rana tsaka yake zuwa, da ƙarar ƙofa, kowa na kallo. Laifinsa rashin ladabi da gaggawa, ba lallai mugun nufi ba. Sau da yawa ma mutumin gida ne: yaro da ya faɗo ɗakin baƙi, ko maigidan da ya shigo taron ma'aikatansa a fusace.

Saboda haka ni da zan fassara jimlar, cewa zan yi "ya banko ƙofar ofis", ko "ya faɗo ofis ba ko sallama", ko "ya afka ofis". Na fi son ta biyun. A wurinmu abin da ke mai da shiga ta zama laifi shi ne rashin sallama, shi ya sa ake rubuta "ba shiga" a bakin zaure, kuma aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama. Bature yana jin nauyin jirgi a cikin kalmarsa, Bahaushe kuma sallamar da ba a yi ba yake ji. Fassarar da ta kawo wannan ta isar da saƙon.

Ki lurar da ɗalibai cewa ƙaramar kalmar da ke bin ta tana sauya ma'ana. In aka ce barge into sannan aka ambaci mutum, ba wuri ba, to karo ne: ya bangaje shi. Haka barge past, ya bangaje mutane ya wuce. Masu sharhin ƙwallon ƙafa na Ingila suna amfani da ita ga ɗan wasan da ya ture abokin karawarsa da kafaɗa. Barge in kuma, ko barge in on, yakan koma kan zance: mutane na magana wani ya tsoma baki. Nan Hausa ta fi Turanci kayan aiki. In ya katse mai magana ne, ya tari numfashinsa. In ya shiga abin da bai shafe shi ba, katsalandan ne ko shisshigi, ko a ce ya shiga sharo ba shanu. Idan Bature ya ce "sorry to barge in" kafin ya sa baki, abin da muke cewa ke nan "ba katse muku hanzari ba".

Kada yara su haɗa ta da 'yan'uwanta. Wanda ya je biki ba a gayyace shi ba gatecrash ya yi, mu kuma ɗan gayyar soɗi muke ce masa. Wanda ya fasa gida don sata break in ya yi. Shiga gona ko filin wani ba izini, irin wanda ake kai ƙara kotu a kai, trespass ne. Barge in kalmar hira ce da labari, ba ta shiga takardar lauya, kuma ba a so ɗalibi ya sa ta a wasiƙar neman aiki.