Karatun da kake tsoro, a bakin iyakar Kamba ka fara shi

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila kan siyasar tattalin arzikin duniya, amma gabanka na faɗuwa, wai tunanin Turawa ne zalla, kai kuwa ɗan manomin shinkafa ne daga Argungu.

Ai nan ribarka take. Tun makon farko za a haɗa ka da David Ricardo, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, wanda a 1817 ya ce kowace ƙasa ta riƙe abin da ta fi iya yi da sauƙi, ta sayo sauran daga waje. Misalinsa yadin Ingila da giyar Fotugal. Sai wani Bajamushe, Friedrich List, ya ce masa a'a a 1841: Ingila sai da ta killace masana'antunta suka yi ƙwari, da ta hau sama kuma ta janye tsanin. Ka tuna Agustan 2019 da aka rufe iyakoki? Masu injin casa na murna, mai awon mudu na kuka, 'yan fasa-ƙwauri na bin daji da babura. Gardamar ke nan, ba ƙari. Ni da shinkafa 'yar waje mai biyowa ta Kwatano na gane Ricardo, lokacin da 'yan ajinmu ke ta hadda.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Raul Prebisch na Ajantina. Wajajen 1950 ya nuna cewa mai sayar da ɗanyen kaya kullum baya yake ci a gaban mai sayar da ƙerarre. Ina karantawa ina tuna audugar Gusau da masaƙar da ta mutu, da abin da shirin SAP na tsuke bakin aljihun gwamnati na 1986 ya yi wa albashin babanmu.

Fannin kansa yaro ne. A 1970 ne Susan Strange, masaniya 'yar Ingila, ta koka cewa masana tattalin arziki da masana hulɗar ƙasashe ba sa sauraron juna. A Amurka lissafi ya yi masa yawa, a nan kuwa tarihi da muhawara suka fi, kuma ina jin zai fi dacewa da bakinka.

Kafin ka taso, zauna da Baba ka rubuta farashin buhun shanshera na shekara goma da suka wuce, da na taki. Za ka nemi wannan takarda ranar da malami ya ce ka kawo batun bincikenka. Rigar sanyi kuma bari sai ka iso, ta gida ba ta jin sanyin nan.