Na zo na uku a gasar waƙa ta talabijin: bidiyon nawa ne ko nasu?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni matashi ne daga Tudun Wadan Zariya. A 2023 na shiga gasar waƙa da wani gidan talabijin ya shirya, na zo na uku. Kafin a kai mu sansani an ba mu takarda mai shafi tara da Turanci, aka ce kowa ya sa hannu kafin mota ta tashi, na sa. A daren ƙarshe mai gabatarwa ya faɗa a gaban jama'a cewa mu ukun farko kowa za a yi masa albam. Har yau shiru. Waƙoƙi biyu da na rera ni na rubuta su, suna shafinsu na YouTube ana ta kallo, ko sisi ban gani ba. Da wani furodusa a Sabon Gari ya so mu yi aiki, sai suka aiko masa wasiƙa cewa ni nasu ne har shekara biyar. Abokaina sun ce in kai su wurin 'yan sanda, ko in sa a sauke bidiyon, tunda muryata ce. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, yawwa, barka kadai. Shafi huɗu kawai ka turo mini cikin taran, biyu ma hoton ya yi dishi-dishi, don haka abin da zan faɗa zai iya sauyawa idan na ga sauran.

Mu fara da "muryata ce", domin a nan kuskuren yake. A idon Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, bidiyon nan ba abu ɗaya ba ne. Baitocin da karin waƙar naka ne tun ranar da ka rubuta su ko ka naɗe su, ko da ba ka yi rajista ko'ina ba, kuma kariyarsu na kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Amma naɗin sauti da hoton da aka ɗauka a dandamalin gasar, doka ta fi ba wanda ya shirya ɗaukar, wato mai kyamarori da fitilu da makaɗa. Kai kuma a matsayin mai rerawa kana da haƙƙin kada a ɗauke ka ko a yaɗa ka sai da yardarka. Yardar nan ce, bisa ga dukkan alamu, ka bayar a shafi na uku. Saboda haka mai yiwuwa bidiyon nasu ne, duk da waƙar da ke ciki taka ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ko ka sallama musu waƙoƙin kansu. Doka ta ce sallama haƙƙin mallaka, ko ba wani izinin da shi kaɗai zai yi amfani da aiki, sai a rubuce. To kai ka sa hannu a rubuce. Idan kalmar da ke ciki izinin nunawa ce kawai a shirin da tallarsa, waƙoƙinka na hannunka, kana iya sake naɗarsu, kuma kana da bakin tambayar kasonka. Idan kuwa an rubuta cewa ka miƙa duk abin da ka rera a gasar, magana ta yi nauyi. Ko a hakan, sunanka a matsayin marubuci ba ya sayuwa. Dole a ambace ka. Cewa ba ka karanta ba, ko Turancin ya yi maka yawa, da wuya kotu ta karɓa daga baligi mai ilimi. Gaggawar da aka sa ku abin Allah wadai ce. A tara yara a bakin mota a miƙa musu shafi tara ba halin mai son gaskiya ba ne, amma rashin kyautawa daban, tilastawar da ke rushe yarjejeniya daban.

Batun albam kuwa, alƙawari kaya ne, sai dai a shari'a ana tambayar wa ya ɗauka, a ina kuma aka rubuta. Yawancin irin waɗannan takardu na da sakin layin da ke cewa abin da ke cikinsu shi ne dukkan yarjejeniyar. In akwai shi, furucin mai gabatarwa zai yi rauni. Ban ce ya mutu ba. Idan an sa albam ɗin a tallar gasar ko a fom ɗin shiga a matsayin kyautar na uku, kana da abin riƙewa. Nemo tallar, ka adana bidiyon daren ƙarshe tun kafin a goge shi.

Inda nake ganin ƙarfinka shi ne ɗaurin shekara biyar. Kotu ba ta goyon bayan sharaɗin da ke hana mutum sana'arsa sai ya kasance daidai gwargwado, yana kare wata maslaha ta gaske. Kamfanin da ya riƙe mawaƙi tun 2023, bai kai shi sitidiyo ko sau ɗaya ba, sannan yana rubuta wa masu son ba shi aiki wasiƙar barazana, zai sha wuyar bayyana abin da yake karewa. Ban ba ka tabbacin nasara ba, ban kuma ce ka je ka naɗi waƙa gobe ba, domin za ka iya jefa furodusan Sabon Gari cikin rigima. Amma da wannan za ka zauna teburin sulhu.

'Yan sanda ba wurin zuwa ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya. Kada kuma ka aika wa YouTube cewa bidiyon naka ne alhali ba ka tabbatar ba, kada ka hau Facebook kana kiran su ɓarayi. Yanzu kai ke bin su bashi. Da ka yi haka sai su koma masu ƙara.

Idan ta kai ga kotu, rigimar haƙƙin mallaka ta Babbar Kotun Tarayya ce bisa sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999, wato zirga-zirga zuwa Kaduna, in ma takardar ba ta ce Legas ko Abuja ba. Duba shafin ƙarshe: in akwai sharaɗin sasanci a wajen kotu, Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ba su damar neman a dakatar da ƙararka har a bi ta can. Shari'ar irin wannan na iya cin shekarun da suka fi ragowar ɗaurin naka, kuma shekarun mawaƙi matashi ba sa dawowa. Mawaƙi Iyanya ya ci gasar waƙa ta Project Fame a 2008, amma sai bayan wasu shekaru ya yi waƙar da ta fito da shi. Johnny Drille ya shiga gasar a 2013 bai ci ba, ya ci gaba da naɗar nasa, kamfanin waƙa na Mavin ya ɗauke shi a 2017. Timi Dakolo ya zo na ɗaya a gasar Idols West Africa a 2007, Omawumi ta biyu, kowa daga baya da aikinsa ya tsaya. Bidiyon gasa bai riƙe ɗayansu ba. Shi ya sa na fi son ka karɓo 'yancin yin sabon aiki a kan ka ƙare ƙarfinka wajen kuɗin tsohon.

Ka nemi cikakken kwafin takardar a rubuce. Lauya ya aika musu wasiƙa, kamar yadda aka saba, yana neman su sake ka daga ɗaurin, su tabbatar a rubuce cewa waƙoƙin biyu naka ne, su sa sunanka a ƙarƙashin bidiyon, su kuma kawo lissafin abin da ya shigo. A madadin haka kana iya yafe albam ɗin ka bar musu bidiyon. In suka yi kunnen uwar shegu, a gayyace su cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kaduna, wadda lauyoyi ke kira Multi-Door, ko a kai koke ga hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, wato NCC. In kuɗin lauya ya gagara, leƙa Tsangayar Shari'a ta ABU a Kongo ka tambayi ofishinsu na taimakon shari'a. Kada ka yi jinkiri, domin ƙarar yarjejeniya na da wa'adi. Ka fara da turo mini shafuka biyar da suka rage, a ɗauke su da rana inda haske yake.