'Yar bora da 'yar mowa

Wata malama daga Funtuwa ta tambaya: mene ne ma'anar bora da mowa, kuma me ya sa a tatsuniya kullum 'yar bora ce ke cin nasara?

Malama, kalmomin nan na gidan kishiyoyi ne. Mowa ita ce matar da maigida ya fi so, bora kuwa wadda ba ta da fada a wurinsa. Ba zancen uwargida da amarya ba ne, don ana samun amarya bora. Har ma maganar ta fita daga ɗaki, sai ka ji ma'aikata na kukan cewa an mai da su 'yan bora.

Tatsuniyar Ruwan Bagaja ta isa misali (ta baka nake nufi, ba littafin Abubakar Imam na 1934 ba). 'Yar mowa ce ta ɓata shimfiɗa da dare, aka ɗora wa 'yar bora, aka kore ta ta je ta wanko a Ruwan Bagaja. A hanya ta iske cinya, ita kaɗai ba gangar jiki, da kare a bukka, ta yi sallama da ladabi, ba ta yi dariya ba. Aka ba ta ƙashi da ƙwayar shinkafa ɗaya, ta dafa ba musu, tukunya ta cika. Da aka ce ta zaɓi ƙwai, ƙarami ta ɗauka, ta ƙi fasawa duk inda ta ji "fasa, fasa, mu sha gwaiduwa", sai inda ta ji shiru. Dawaki da dukiya suka fito. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta suri babban, ta fasa tun a kiran farko, ta komo bisa jaki, kutare da makafi na biye.

A sarari dai mahaƙurci mawadaci ake koya wa yara, da in da kwaɗayi da wulaƙanci. Amma ki duba masu ba da labarin: mata ne, da dare, a tsakar gida, wataƙila mai faɗar ma ita ce borar gidan. Abin da ba ta iya gaya wa maigida ido da ido, ta sa shi a bakin tatsuniya, shi kuma yana jiyowa daga turaka. Ba a banza uban yaran ba ya taɓuka komai a labarin ba.

Wuri ɗaya ne ba ya min daɗi: mai da kutare da makafi abin horo. Ni in ina yi wa jikokina, jakin kawai nake bar wa 'yar mowa.