Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohuwar Kwamfuta, Linux da Zafin Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokofi kusa da Kasuwar Dole. Kwamfutata HP ce ta hannu, Core i5-4300U, RAM giga 4, Windows 10 ke kanta. Ta nuna mini ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Yaron shagona ya ce mu sa Linux, wai kyauta ne. In sayar da ita ne, ko in bi maganar yaron? *Daga wani mai shago, Zinder.*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar da ita tukuna. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta mutu saboda haka ba, za ta ci gaba da tashi tana aiki, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya ba a toshe ta, in ban da ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. A irin waɗannan firosesoci, lambar farko bayan ƴar sandar da ke cikin sunan ita ke nuna ƙarni: taka 4300U ƙarni na 4 ce, 8250U kuwa na 8. A ra'ayinmu wannan sharaɗi ya fi yi wa masu sayar da sababbin kwamfutoci rana, domin injin da ke buga wasiƙa da takardar neman aiki ba ya bukatar fiye da abin da ke gabanka. Akwai masu tsallake sharaɗin da manhajar Rufus, kuma yana yi, amma Microsoft da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan gyara ba.

Yaron ya yi gaskiya, sai dai ba kyautar ce abin dubawa ba. Windows ɗin da ake zuba wa mutane a kasuwa ma kusan kyauta ne, tunda yawanci na fashi ne, kuma manhajar da ake fasa shi da ita kan zo da nata ƙwayoyin cutar. Amfanin Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a shago irin naka shi ne ana ci gaba da gyara shi, kuma cutar nan da ke mayar da fayilolin filashi gajerun hanyoyi ba ta tashi a kansa. Amma ka lura, Linux ba ya wanke filashin kwastoma. Cutar tana nan kwance a ciki, za ta kama kwamfutar Windows ta gaba da aka soka shi.

Nau'in da muke ba ka shawara shi ne Linux Mint 22, samfurin Xfce, wanda ba shi da nauyi kuma za a kula da shi har 2029. Yana tashi da RAM giga 2, amma da 4 ya fi sakewa. Ka sauke fayil ɗinsa daga shafinsu, kusan giga 3 ne, saboda haka ka nemi inda intanet ke da ƙarfi, ko ka kwafa daga wanda ya riga ya sauke. Ka sami filashi mai giga 8 wanda babu komai naka a ciki, domin za a goge shi, ka rubuta fayil ɗin a kai da Rufus ko balenaEtcher. Kashe kwamfutar, soka filashin, kunna, ka riƙa danna F9 (a Dell da Lenovo F12 ne) har jerin zaɓi ya fito, ka zaɓi filashin.

A nan ka tsaya, kada ka danna girkawa. Mint zai tashi daga filashin ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba, kuma wannan ne lokacin gwaji. Ka gwada Wi-Fi da sauti, sannan abin da ya fi kome muhimmanci a sana'arka, firinta da sikana. Yawancin firintocin HP suna aiki da direban HPLIP (direba shi ne manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki da kwamfuta), ko da yake LaserJet 1020 da P1102 sai an sauke musu wani ƙarin guntu daga intanet kafin su motsa. Canon LBP2900 kuwa, wadda ta cika shaguna, tana amfani da direban CAPT, kuma girka shi a Linux yana ba da wuya ƙwarai. In ita ce da kai, ka nemi wanda ya taɓa yi ya zauna da kai, ko ka bar mata kwamfuta guda mai Windows. Idan Wi-Fi ya ƙi fitowa, galibi katin Broadcom ne: haɗa wayarka ta Android da kebul, kunna raba intanet ta USB, buɗe Driver Manager ka girka direban.

Hanyar da ta fi aminci wajen girkawa ita ce ka sayi SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai mahaɗin SATA, inci 2.5, giga 240 ko 256. Ka ciro tsohon faifan ka ajiye shi yadda yake, ka sa SSD a gurbinsa, ka girka Mint a kai. In abin bai karɓe ka ba, minti goma ya isa ka mayar da tsohon. In ya karɓe ka, tsohon faifan ya shiga akwatin USB ya zama ma'ajiya. Ko ba don Linux ba ma SSD ne gyaran da ya fi kowanne canza saurin tsohuwar kwamfuta, don yana karanta kusan megabayit 500 a daƙiƙa, faifai mai juyawa kuma da ƙyar yake wuce 100. In za ka ƙara RAM, kwamfutar hannu ta ƙarni na 4 tana son DDR3L mai bolt 1.35. Masu kaya kan miƙo DDR3 mai bolt 1.5 saboda bakinsu ɗaya, ya shiga ramin daidai, amma allo ya tsaya baƙi. Ka karanta takardar da ke manne a jikinsa: PC3L kake nema, ba PC3 ba.

Abu guda zai iya rushe duk wannan shawara. In katin biki da allon talla kake zanawa da CorelDRAW ko Photoshop, ba sa aiki a Linux yadda ya kamata. Inkscape da GIMP da Scribus suna nan, suna da kyau, amma sai an koya, kuma tsofaffin fayilolinka na Corel ba lallai su buɗe daidai ba. Wanda abincinsa ke kan Corel ya bar wannan kwamfutar a Windows, ya raba ta da intanet.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, ina shirya darussan Hausa. Matsala biyu gare ni. Allon madannaina na Faransanci ne, babu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Sannan in na rubuta a LibreOffice na kai a buga mini a Word, sai shafuka su zame. *Daga wata malama, unguwar Birni.*

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Kowane harafi yana da lambarsa: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4. Manyansu kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181, Ƴ 01B3. A LibreOffice ki rubuta U+ sannan lambar, misali U+0257, ki danna Alt da X tare, harafin zai fito. In Alt da X bai yi ba ki gwada Alt da C, domin a wasu harsunan shi aka sa. Kada ki bar U+ ɗin nan: in kina tsakiyar kalma kamar "faɗa", manhajar za ta haɗa f da a cikin lambar ta ba ki wani abu dabam. Wannan hanya ta kalma ɗaya ko biyu ce. Mai rubuta darasi guda ya fi dacewa ya girka Keyman, manhajar ƙungiyar SIL, kyauta ce kuma buɗaɗɗiya (kowa na iya karanta rubutun da aka gina ta da shi), tana da allunan harsunan Afirka masu waɗannan haruffa. Linux ma yana da allon Hausa a cikinsa, sai dai bisa tsarin QWERTY aka gina shi, don haka wanda hannunsa ya saba da AZERTY zai yi ta samun a a gurbin q na ƴan kwanaki.

Zamewar shafi kuma daga salon rubutu take. Word ya daɗe yana amfani da Calibri da Cambria, waɗanda mallakar Microsoft ne. In babu su, LibreOffice sai ya ɗauko wani mai faɗi dabam, layuka su canza. Ki girka Carlito da Caladea, an auna su daidai da faɗin waɗancan biyun. Ga rubutun Hausa kuwa Charis SIL ko Andika sun fi, domin an zana masu lanƙwasar tun asali, ba aro za a yi daga wani salon ba har ƙ ta fito ta fi sauran haruffa kauri. Abin da za a buga kawai, ki mayar da shi PDF kafin ki fita gida. Maɓallin yana saman LibreOffice, kuma PDF yana tafiya da salon rubutunsa.

Tambaya: In kowa na iya karanta rubutun da aka gina manhaja da shi, ai ɓarayi ma suna karantawa. Ta yaya za a ce ta fi tsaro? Kuma wa ke biyan masu yin ta? *Daga wani ɗalibi, Jami'ar André Salifou.*

Amsa: Ƙanenmu, tambayarka ta yi ma'ana, kuma masu cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da kafa suna wuce gona da iri. A 2014 aka gano kuskuren Heartbleed a OpenSSL (manhajar da ke ɓoye bayanai a intanet), wanda ya yi kusan shekara biyu a fili babu wanda ya lura. A Maris 2024 kuma aka gano ƙofar baya da wani ya dasa da gangan a manhajar matse fayiloli mai suna xz, samfurin 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya daɗe yana taimaka wa aikin har aka amince masa. Wanda ya gano ta, Andres Freund, injiniya ne da ya lura shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya kai ga tushen. Ya iya bin sawun ne saboda rubutun a buɗe yake, kuma aka janye samfurin kafin ya kai ga yawancin masu amfani. A rufaffiyar manhaja ba ka da wannan damar, sai abin da kamfani ya ga dama ya faɗa maka. Ɓarayi kuwa ba su taɓa bukatar ganin rubutun Windows kafin su fasa shi ba.

Batun kuɗi: Linus Torvalds ya fara Linux yana ɗalibi a Helsinki a 1991, amma yau yawancin masu rubuta shi ma'aikata ne masu albashi a kamfanoni irin su Intel, Google da Red Hat. IBM ya sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34, kuma abin da Red Hat ke sayarwa shi ne kulawa da tallafi. Wayar Android da ke aljihunka ma kan Linux take. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan ayyuka irin xz, waɗanda duniya ta jingina a kansu alhali mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su ba tare da ko sisi ba. Manyan kamfanoni suna cin moriyarsu, kaɗan ne ke mayar da wani abu.

Tambaya: Kwamfutata tana mutuwa da kanta da rana tsaka, da dare kuwa lafiya lau. Wani ya ce cuta ce ta kama ta. *Daga Miriya.*

Amsa: Ba cuta ba ce, Malam, zafi ne. Firosesa yana rage gudu in ya kusa digiri 100, in abin ya ƙi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar gari kanta ke wuce digiri 40, ƙurar hunturun da ta taru a cikinta ce ke fito da aikinta. Ka auna da LibreHardwareMonitor a Windows ko Psensor a Linux. In ba ka aikin kome amma tana kan 80 ko fiye, a buɗe ta.

Cire caja da batir. Kwance murfin ƙasa. Tsakanin fanka da ƴan siraran ƙarafan da iska ke fita za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe hanyar, a ciro ta da burushi mai laushi. In za a hura iska, a riƙe fankar da yatsa, domin juyawa fiye da kima yana lalata ta. Sannan a kwance bututun jan ƙarfen da ke kan firosesa, a goge busasshen man da ke kai da alkol, a ɗiga sabon man sanyaya daidai ƙwayar shinkafa, a ɗaure sukurori bisa lambobin da ke rubuce a gefensu, 1, 2, 3, 4, don ya zauna daidai. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko da wani mai gyara ya ce yana yi. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, ramukan iskar a ƙasa suke. In ka ga batir ya kumbura har yana ɗaga madannai, a cire shi ranar nan. Ka duba cajar ma: HP da Dell yawanci bolt 19.5 suke so, Lenovo 20, kuma Dell in bai gane cajar ba yakan ƙi cika batir ya kuma rage gudun firosesa.

Tambaya: An sayar mini da filashi mai tera 1 da araha, amma fayiloli suna ƙin buɗewa. *Daga unguwar Zango.*

Amsa: Jabu ne. An rubuta masa ƙarya a ƙwaƙwalwa yana nuna tera 1, alhali ainihinsa ƴan gigogi ne, kuma duk abin da ya wuce nan yana ɓacewa ko yana taka na baya. Abin da ya ɓace ba ya dawowa. Ka kwashe abin da ya saura, ka gwada shi da H2testw a Windows, ko f3write da f3read a Linux, za su cika shi su karanta su faɗa maka girmansa na gaskiya. Ka kai wa mai kayan wannan sakamakon.