Amsa kan yaron da mota ta buge a kan keke

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanina, na saurari saƙonka game da ɗan yayarka da mota ta buge yana kan keke a wajen Kabuga, ƙwaurinsa ya karye, direban ya biya kuɗin asibiti na ranar farko, yanzu kuma dattawa suna cewa a bar wa Allah. Ka tambaya ko ana iya neman diyya, amma na fahimci abin da yake cin ranka shi ne ko neman zai zama rashin yarda da ƙaddara. Ba zai zama ba. Allah ya ambaci diyya a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kan kisan kuskure, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi da raunuka. Yafiya alheri ce, sai dai haƙƙin wanda aka ji wa ciwo ne, ba na kawunsa ko mai unguwa ba.

Lafiyarsa ce gaba da komai. Ku kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a yi hoto, ko da gida sun fi karkata ga mai ɗori, musamman idan akwai rauni a buɗe kusa da karayar. Idan ya bugu a kai kuma yana amai ko yawan barci, kada a jira gari ya waye. Kowane rasit na magani, na hoto, na gashin ƙashi, har kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti, a adana ko a rubuta shi, sannan a nemi rahoton likita da rahoton 'yan sanda na sashen haɗurran mota. Kada a gyara keken kafin a ɗauke shi a hoto.

Abin da ya sa nake nanata maganar takarda shi ne wani maƙwabcinmu mai shayi. Mota ta kaɗe shi yana dawowa daga sayen burodi, aka taru a kansa tun yana kwance, aka ba shi 'yan kuɗi, ya dangwala yatsa a takardar cewa ya yafe. Daga baya ƙashin bai haɗu daidai ba, aka ce sai tiyata an sa ƙarfe. Ya sayar da teburin shayinsa da tukwanensa, waɗanda suka matsa masa ya yafe kuwa babu wanda ya sake leƙowa, direban ma ya daina ɗaga waya. Har yau idan na gan shi yana ɗingishi raina yana ɓaci, domin ba mugunta aka yi masa da gangan ba, gaggawa ce da jin nauyi.

Bari in koma kan kuɗin. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da take biyan wanda aka yi wa ɓarna. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, rauni da rai kuma ba su shiga wannan iyakar ba. Ke nan ba lallai ne kuɗin ya fito daga aljihun direban ba, wannan kuwa yana rage jin nauyin da kuke yi. Ku sa lambar motar a shafin NIID, wato shafin intanet na tantance inshorar motoci, ku tabbatar takardar inshorar ta gaskiya ce, saboda akwai ta bogi da 'yan kamasho suke sayar wa mutane. Idan ta bogi ce, nauyin yana nan kan direba da mai motar.

Ban hana sulhu ba, amma a yi shi a rubuce, da shaidu, bayan likita ya faɗi abin da jinyar za ta ci har ƙarshe, a kuma lissafa watannin da yaron zai yi ba ya aiki. Idan direba da mai motar suka ƙi, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a Kano, tana taimaka wa marasa ƙarfi a ƙarar haɗari. Ka turo mini lambar motar yau in duba muku, kuma kada kowa ya sa hannu a wata takarda kafin nan. Allah ya ba shi lafiya.